Ango da Amarya a Hannun Bariki



Mai girma shugaban taro, iyayenmu masu riƙe da sarauta, malamanmu, iyaye mata, da ƙannena matasa, barkanmu da haɗuwa. An ce in yi magana a kan matasan karkara da ke kwarara manyan birane. Ni kuwa na roƙi masu shirya taro su bar ni in tsaya a kan kashi ɗaya daga cikinsu, wato sababbin ma'aurata: yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai, da yarinyar da lallen bikinta bai gama fita daga ƙafarta ba, su hau bayan tirelar albasa ko ta shanu su nufi Ikko, ko Abuja, ko Fatakwal. Bayan shekara biyu ko uku sai labari ya iso gari cewa shi yana gidan yari ko ya zama ɗan ƙwaya, ita kuma tana zaman kanta. In muka ji haka sai mu girgiza kai mu ce bariki ta cinye su. Abin da na zo in faɗa yau shi ne, bariki ba ta samun galaba a kan mutum sai ta tarar ba shi da mai masauki a gabansa, ba shi kuma da ƙofar komawa a bayansa. Duka biyun nan akwai hannunmu a ciki.

Tafiya neman kuɗi ba baƙuwar al'ada ba ce a wurinmu. Iyayenmu sun yi cin rani, kakanninmu sun yi fatauci. Amma ku tuna yadda abin yake. Sai an yi girbi an cika rumbu sannan magidanci ya ɗauki ƙunshinsa. Matarsa tana nan cikin gandu, ƙarƙashin idon uwar mijinta, ana auna mata hatsi tare da sauran matan gida. Da hadari ya fara haɗowa sai ga shi ya dawo da turmin atamfa da gishiri da kuɗin taki. Tafiyar tana da ranar fita, tana da ranar dawowa. Can inda ya nufa kuma ba a titi yake sauka ba. A Ibadan, unguwar Sabo ta kafu tun 1916. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a cikinta a farkon shekarun 1960, ya kuma fitar da littafi a 1969 inda ya nuna cewa fataucin goro da na shanu gaba ɗaya a kan masu gida ya dogara: su ne ke sauke baƙo, su ciyar da shi, su ajiye masa kuɗi, su tsaya masa a ciniki. Haka abin yake a Shagamu da Agege da zangon Kumasi. Ba ina cewa zamanin nan babu ɓarna ba ne. Akwai gidan magajiya, akwai caca, akwai giya. Sai dai akasarin matan da ke can zawarawa ne da suka fita bayan aure ya mutu, kuma baƙon da ya fara lalacewa akwai babban da zai kira shi zaure ya ja masa kunne, in ta kama ya sa shi a mota ya mayar da shi ga iyayensa.

Yau me ya sauya? Na farko dai, da yawa daga cikin masu tafiyar nan ba cin rani suke zuwa ba, gudun tsira suke yi. Ku tambayi mutanen Zurmi da Shinkafi da Maradun, ko Batsari da Jibiya da Safana, ko Sabon Birni da Isa, ko Birnin Gwari. Akwai garuruwan da sai an biya 'yan bindiga haraji kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Zamfara, an rufe kasuwannin mako a can da wasu sassan Katsina, don a matsa wa ɓarayin daji, amma talakan da ke ci daga kasuwar shi ma ya ji a jikinsa. Saurayin da ya san ana shiga gari da dare a kwashi mata, ta yaya za ka ce masa ya bar amaryarsa ya tafi? Dole ya tafi da ita, kuma ba laifi ya yi ba. Sai dai wannan tafiya ba ta da ranar dawowa, domin gonar da za a dawo dominta ba ta shiguwa. Masu zuwa kuma sun yi yawan da tsofaffin masu gida ba za su iya ɗauka ba. Yaro zai sauka a Mile 12 ko Zuba ba shi da komai sai lambar wayar wani abokinsa da ya riga shi zuwa da wata shida, wanda shi ma a bakin shago yake kwana.

Ku zo mu shiga ɗakin da suke sauka, domin daga nan ake fara rasa su. A biranen nan mai gidan haya kuɗin shekara yake nema a dunƙule, ga na dillali a kai. Wanda ya zo da kuɗin akuya biyu a aljihu ba zai iya ba. Sai ya ƙare a kangon da ba a gama ginawa ba, inda mai gadi ke karɓar ɗan wani abu ya ba shi lungu, ko a rumfar katako da langa-langa a bayan Mararaba, ko Gwagwa, ko Karmo, ko Ijora, ko Alaba Rago. Sau da yawa ɗaki ɗaya ne da samari huɗu ko biyar, an ɗaura tsohon zani a igiya an raba, amarya tana bayan zanin. Ruwa saye ake yi a hannun mai kura. Bayan gida da wanka sai an biya a gidan wanka. Yarinyar da a garinsu ko ƙanin mijinta sai ya yi sallama an amsa kafin ya shiga tsakar gida, yau tana riƙe da bokiti da soso tana bin layi a tsakanin maza, suna kallonta, wasu suna jifanta da magana. Ranar farko za ta yi kuka. Bayan wata uku ta daina kuka. Ni wannan daina kukan ya fi tayar mini da hankali, domin alama ce cewa abin da iyayenta suka yi shekara goma sha bakwai suna ginawa ya fara zubewa, alhali ba ta aikata komai ba tukuna.

Shi kuma mijin, sana'ar da ta fi saurin samuwa ita ce acaɓa. Babur ɗin na wani ne, kullum akwai balas da zai kai ko ya samu ko bai samu ba, ga tikitin 'yan ƙungiya, ga na 'yan tasha, ga mai. Kafin ya fara nema wa kansa sai ya gama nema wa mutum uku. Ya fita da asuba, bai dawo ba sai dare ya raba. Bayansa ya riƙe, idonsa ya yi ja. Nan ne a teburin mai shayi wani zai miƙo masa ƙwaya ya ce, "Ɗan'uwa, haɗiye wannan, ba kayan maye ba ne, maganin gajiya ne." Tiramol ke nan. Wanda likita ke rubutawa miligiram 50 ne ko 100. Wanda ake sayarwa a bayan fage, wanda hukumar NDLEA ke kamawa kwantena-kwantena, 225 ne ko 250. Da farko zai ji ƙarfi, ya yi aikin mutum biyu. Daga baya in bai sha ba ko tashi ba ya iyawa, kuma yawan shansa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, a kan babur, a tsakiyar titi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ce mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da kayan maye a Nijeriya cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki kuwa irin su tiramol suke sha. A Arewa maso Yamma kashi 12 cikin ɗari ne, a Kudu maso Yamma kashi 22.4. Wato yaron ya baro inda abin ya riga ya yi yawa ya koma inda ya kusa ninkawa, ba kuma uba ko kawu a kusa. Ɗan abin da ya rage a aljihu, shagon cacar ƙwallo na nan yana jira, yanzu ma a cikin waya ake bugawa.

Duk da haka da yawansu suna lallaɓawa, har ranar da doka ta faɗo. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja a watan Oktoba na 2006. An hana a Kano a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero. A Ikko dokar 2012 ta hana su hawa tituna 475, aka ƙara faɗaɗa hanin a Fabrairun 2020, sannan daga 1 ga Yuni 2022 aka haramta sana'ar ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida, baburan da aka kama kuma aka riƙa murƙushe su. Gwamnatocin suna da hujjarsu ta tsaro da haɗurra, ban zo musanta ta ba. Amma ku dubi yaron nan. Babur ɗin da aka murƙushe ba nasa ba ne, bashinsa kuma yana wuyansa. Daga nan sai jari-bola, inda kowace rana ana iya zarginsa da sata. Ko wani ya ce masa, "Kai dai ka kai wannan ƙullin wuri kaza, ga kuɗinka." Ko ya bi masu ƙwacen waya sau ɗaya, da niyyar in ya biya bashi ya tuba. Wani ma bai yi ko ɗaya ba, samame ne kawai ya rutsa da shi a kango da dare. Bai iya Turanci ba, bai iya Yarbanci ba, ba shi da mai tsaya masa beli. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Cikinsu akwai 'ya'yanmu da iyayensu ke zaton sun yi kuɗi ne sun manta da gida.

To ita fa? An bar ta a bayan zanin nan, wataƙila da ciki ko da goyo. A nan nake so iyaye mata su saurare ni da kyau, domin wadda ke zuwa ta ɗauke ta ba da mummunar fuska take zuwa ba. Mace ce Bahaushiya, mai mayafi, mai fara'a, tana sayar da abinci a tasha ko tana da ɗakuna a wani gida. Ita ce mutum ta farko da ta tambayi yarinyar ko ta ci abinci. "Ƙanwata, taso ki taya ni wanke-wanke, kya samu na sabulu." Yarinya ta ce, "To, Hajiya, Allah ya saka." Sati biyu tana wanke kwanuka tana cin mai kyau. Sai a ba ta atamfa da man shafawa, a ce ta biya a hankali. Sai waya. Sai a ce ta daina wanke-wanke ta riƙa kai wa baƙi abinci, ta ɗan saki fuska, ai ciniki sai da fara'a. In ta ce kanta na ciwo don tunani, a zuba mata wani abu a kwalbar lemo a ce zai sa ta barci. Kodin ne. An hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a watan Mayu na 2018, bayan rahoton da BBC ta yi, amma bai ɓace daga irin waɗannan gidaje ba, kuma binciken da na ambata ya ce cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye ɗaya mace ce. Ranar da za a buɗe mata littafin bashi, an lissafa atamfa da waya da abinci da kwana, adadin ya fi ƙarfin wanke-wanken shekara. Sai Hajiya ta sassauta murya ta ce, "Ke yarinya, Alhaji wane ya yaba da hankalinki. Ki je ki gaishe shi kawai. Mijin naki da kike jira, wa ya san ranar fitowarsa?" Babu duka, babu ɗauri. Yunwa ce da bashi da kaɗaici, sai kuma mutum ɗaya da ta nuna mata ƙauna lokacin da mu ba mu nan.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo, zan faɗe shi duk da nauyinsa. Wani lokaci mijin yana nan, ba a kama shi ba. Ƙwaya ta riga ta karya shi, ko rashin aiki ya zaunar da shi. Matar ta fita da yamma ta dawo da ledar abinci da kuɗi, ya ci, bai tambaya ba. Ya sani, ita ma ta san ya sani. Daga ranar nan aure ya mutu, ko da ba a furta saki ba. In an furta ɗin kuma, babu gidan da za ta yi idda, babu waliyyi, babu alƙalin da ya san da ita.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu da ke gida. Me muke faɗa musu a waya? "Wane, ga bikin ƙanwarka ya matso." "Ga taki ya yi tsada." "Ɗan gidan wane ya aiko wa ubansa da babur." Shi kuma ya ce, "Baba, in sha Allahu ƙarshen wata," alhali tun jiya bai ci ba. In kuɗi sun zo muna sa albarka, amma mutum nawa ne cikinmu ya taɓa tambayar ɗansa wace sana'a ce ta kawo su? Yaron ya ari shadda ya tsaya jikin motar wani ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, don kada a ce ya kasa, hoton nan kuma shi zai taso da ƙaninsa da tasa amaryar baɗi. Wanda ya yi ƙarfin hali ya dawo hannu rabbana, majalisa ba ta barinsa ya sha ruwa. Ita kuwa macen, da zarar ƙishin-ƙishin ya iso, sai uba ya rantse cewa kada ta sake tako masa gida, ta zubar masa da mutunci. Ku haɗa wannan da kuɗin mota. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, tafiyar daga Ikko zuwa gida kuwa ta kusan kilomita dubu ce. Yarinya ba ta da kuɗin dawowa, in ta samu kuma ta san ƙofa a rufe take. Ina za ta, in ba wurin Hajiya ba?

Na san akwai mai cewa a ransa, ai zunubi zunubi ne, talauci ba hujja ba ne, ga dubban ma'aurata da suka sha wannan wahala ba su lalace ba. Gaskiya ne, kuma waɗannan bayin Allah sun cancanci a jinjina musu, masu ga-ruwa da masu gadi da masu yankan farce da ke ciyar da iyali da halal a cikin wannan matsi. Amma in kun bincika za ku tarar kusan kowannensu yana da wani babba a kusa: kawu a kasuwa, limamin da ya san sunansa, matar maƙwabci mai tsoron Allah da ta riƙe matarsa kamar ƙanwa. Wannan shi ne bambancin. Samamen Hisba ko na 'yan sanda yana iya watsa gida ɗaya a dare ɗaya, amma yarinyar da aka saki da safe, in ba inda za ta, gidan za ta koma.

Saboda haka roƙona na farko ga waliyyai ne. Addini ya ɗora wa miji ci da sha da sutura da wurin zama. Uban da ya tambayi sadaki da lefe yana da haƙƙin ya tambayi surukinsa, kafin ya tafi da 'yarsa, wa zai sauke su, a wane ɗaki, kuma ya karɓi lambar mutumin ya kira shi da kansa. In babu amsa, yarinya ta zauna wurin dangi a wani gari mai aminci har mijin ya kama ƙasa. Wata shida na haƙuri ba zai kashe aure ba.

Na biyu ga ƙungiyoyin 'yan gari da ke birane, da Sarakunan Hausawa na can. Akwai abin da muka iya ƙwarai: in ɗan gari ya rasu a Ikko, kafin la'asar an haɗa kuɗin motar da za ta kai gawarsa gida. Wannan alheri ne, Allah ya ba da lada. To me ya hana mu buɗe irin wannan asusu don mai rai? Kuɗin motar yarinya ɗaya bai kai rabin na ɗaukar gawa ba. A sami littafi a rubuta duk wanda ya zo da mata, da inda suke kwana. A sami dattijuwa biyu ko uku masu zagayawa suna duba amaren nan kafin wata ta riga su. In an kama yaro, a je a gano inda yake. Akwai hukumar ba da lauya kyauta ga marasa galihu tun 1976, akwai lauyoyi 'ya'yanmu a kowane birni. Inda aka tabbatar wata tana riƙe yara mata da bashi tana tura su ga maza, wannan fataucin mutane ne, hukumar NAPTIP da aka kafa a 2003 aikinta ke nan, a kai ƙara ko da matar 'yar garinmu ce.

Wanda ƙwaya ta kama, asibiti za a kai shi. Akwai na Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato. Mun ga abin da aka tarar a gidajen mari a Kaduna da Katsina a 2019, mutane ɗaruruwa cikin sarƙa, kada mu sake kai 'ya'yanmu irin wuraren nan. Hukuma kuwa, maganarta a bayyane take: in gona ta shigu, rabin wannan tafiya za ta tsaya da kanta, kuma duk gwamnatin da za ta hana sana'a ta tanadi abin da mutane za su koma.

Malamai, ku ne za ku sauƙaƙa wa iyaye karɓar wadda ta dawo. Ku hau mumbari ku gaya musu cewa karɓar 'ya ba yarda da laifinta ba ne. A kai ta asibiti a duba lafiyarta cikin sirri. A je gaban alƙali a warware matsayin aurenta, in mijin ya ɓace ko yana ɗaure ko ya daina ciyarwa, don ta san ko matar aure ce ko bazawara, ta sami damar sake zama a ɗaki. Ku kuma iyayenmu dagatai da masu unguwanni, ina roƙon in kun koma ku sa a ƙirga muku ma'auratan da suka bar garuruwanku cikin shekara uku da suka wuce, a ware waɗanda aka daina jin ɗuriyarsu, a ba ƙungiyar 'yan gari ta birnin da suka nufa sunayensu kafin damina ta faɗi.